Babi na Shida: Kankare Tsohon Fenti a Banɗakin da Danshi Ya Ci

Me ya sa fentin banɗaki ba ya shekara? Wannan tambaya ta fi kowace yawa a bakin masu gida. Za ka ga an yi wa gida fenti rana ɗaya, da bokiti ɗaya, da hannun mutum ɗaya, amma kafin damina biyu falo yana nan fes, banɗaki kuwa ya kumbura, ya yi ƙuraje, yana zubar da ɓawo kamar maciji mai saɓa. Sai maigida ya ce fentin jabu aka sayar masa. Mai fenti ya ce laifin magini ne. Magini ya ce matan gidan ne ke watsa ruwa a bango, kamar akwai wata hanyar wanka da ba ta taɓa bango.

Ni ma na yi wannan tambaya, kuma kuɗina ne ya koya mini amsarta. A gidanmu na Lahodu, cikin ƙaramar hukumar Wurno, mun fitar da banɗaki na bulo da siminti a jikin ɗakin da aka gyara wa amaryar ƙanena. Bayan damina ta farko fentin ƙasan bangon ya tashi. Da Sallah ta matso na kira wani mai fenti, na ce ya gyara. Ya duba, ya ce, "Alhaji, wagga ai ba komi ba ce, hannu biyu za ni ba ta, ta ɓace." Ya karkaɗe abin da ya yi lako-lako da tsintsiya, ya shafa fentin mai shuɗi, mai sheƙi. Ranar Sallah kowa ya yaba. Kafin ƙarshen watan Agusta sabon fentin ya ɗago tare da tsohon, har da ɓarɓashin filasta manne a bayansa. Kitso muka yi da kwarkwata, kuma ni na biya kuɗin kitson.

Abin da ke faruwa a bayan fenti

Ka tsaya kusa da randa da rana tsaka ka taɓa jikinta. Za ka ji ta da sanyi da laima, alhali ba ta fashe ba. Ruwan da ke ciki ne yake ratsa ƙananan ƙofofin yumɓu da ido ba ya gani, ya fito waje, iska ta ɗauke shi. Bulo da filasta haka suke. Suna shan ruwa, suna kuma fitar da shi, muddin an bar musu hanya. Fenti kuwa fata ce siririya da aka manna a fuskar bango. Idan ruwa ya shiga bangon ta wani wuri, ya zo fita ya tarar da fatar nan ta tare shi, sai ya taru a bayanta ya tura ta. Wannan shi ne kumburin da kake gani, wanda idan ka huda shi da allura wani lokaci har ruwa yake ɗigowa.

Ruwan nan ba ya tafiya hannu rabbana. Yana narkar da gishirin da ke cikin ƙasa, da na yashi, da na siminti, da na fitsari da ruwan sabulu, ya ɗauko su. Idan ya iso fuskar bango ya bushe, gishirin ya zauna. Shi ne farin garin nan mai kama da kanwa da ke fitowa a gindin bango. Duk lokacin da gishirin ya daskare yana ƙara girma, kuma da yake a cikin ƙofofin filasta yake yin haka, sai ya riƙa farfasa ta daga ciki. Shi ya sa filastar wurin take zama gari idan ka murza da yatsa.

Akwai kuma wani abu da ya shafi fentin mai musamman, wanda duk macen da ta taɓa dafa sabulun salo za ta gane nan take. Da me ake sabulu? Ruwan toka da mai. Siminti, wanda a nan Sakkwato ake ƙona shi daga dutsen farar ƙasa na Kalambaina, yana da irin kaifin da ruwan toka yake da shi. Idan filasta ta jiƙe, kaifin nan ya narke ya haɗu da man da ke cikin fenti, sai bayan fentin ya koma sabulu. Ka ɓare irin wannan fenti ka shafa bayansa, za ka ji shi da santsi da danƙo. Abin da aka manna da sabulu kuwa ba zai zauna ba, ko da fentin daga Ingila aka kawo shi.

Daga ina ruwan yake?

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka ɗauki sikirafa, sai ka san ta inda yake shigowa, in ba haka ba aikin da za ka yi na wata shida ne. Bangon da kansa zai gaya maka, idan ka iya karanta shi.

Idan lalacewar ta zagaye gindin bango, daga daɓe zuwa gwiwa ko ƙugu, da wani zane mai kama da alamar da gulbi ke bari a gaɓa bayan ya janye, to daga ƙasa ruwan yake hawowa, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Irin wannan da wuya ya wuce mita ɗaya da 'yan kai. Mu mutanen kwarin Rima mun san shi sosai. Ƙasar Wurno da Goronyo da Rabah ƙasar fadama ce, ta shinkafa da albasa da tafarnuwa, kuma abin da ya sa noman rani ya yi albarka shi ne yake cin gindin gini: ruwa ba shi da nisa. Gidajen da ambaliyar watan Satumba na 2010 ta shiga, lokacin da madatsar ruwa ta Goronyo ta cika ta yi ɓarna a garuruwan da ke bakin gulbi, ba su rabu da gishirin bango da wuri ba, domin ruwa yana janyewa cikin kwanaki amma abin da ya ajiye a cikin bulo yana nan.

Sau da yawa dai ba gulbi ne mai laifi ba, rariyar banɗakin ce. Ka zagaya bayan ginin ka duba inda ruwan wanka yake fita. A namu gidan bututun ya tsaya daidai bakin bango, ruwan yana kwanciya a gindin tushe safe da yamma, har ciyawa ta yi kore a wurin cikin watan Maris. A wasu gidajen sokawe ne aka haƙa dab da gini, ko kuma an tara yashi da taki a jikin bango har ƙasar waje ta fi daɓen ciki tudu.

Idan tabon a wuri ɗaya yake, kusa da famfo ko bayan tankin masai, kuma ba ya bushewa ko da bazara, ka zargi bututun da aka binne cikin bango. Gwajinsa ba wuya. Da dare ka rufe duk famfunan gida, ka yi alama a inda ruwan tanki ya tsaya, ka hana kowa taɓawa, da asuba ka duba. Idan ya sauka, akwai inda yake zurarewa. Tabon da ya gangaro daga sama, wanda ke bayyana da damina kawai, na rufi ne ko indararo. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo a kusurwoyin sama kuwa fumfuna ce, tururin ruwan zafi ne da ya rasa tagar fita. An fi ganinta a banɗakin cikin ɗaki da aka yi wa taga kamar ramin ɓera, ita ma a toshe da kwali saboda sanyin hunturu.

Idan ka rasa gane ko daga cikin bango laimar take ko daga iskar ɗakin, ka yanko leda mai kauri kamar faɗin faranti, ka manna ta a bangon da salatif ta kowane gefe, kada iska ta shiga. Ka bar ta kwana biyu. Raɓa a fuskar ledar da ke kallonka, tururi ne. Raɓa a ƙarƙashinta, ko bangon ya yi duhu a wurin, ruwan daga ciki yake. Kada ka manta ka leƙa ɗaya gefen bangon, wato cikin ɗakin kwana. Mu sai da muka janye durowar amarya muka ga bayanta ya yi fari fat, katakon ya kumbura.

A toshe hanyar ruwan tukuna. A ja bututun rariya ya yi nisa da gini, a kwashe ƙasar da ta hau bango, a kira mai gyaran famfo ya fasa ya canja abin da ya tsage, a cike tsagar da ke tsakanin daɓe da bango. Sannan a zo maganar kankara.

Lokacin da ya dace

Yawancinmu muna tuna fenti ne idan Sallah ko biki ya rage sati biyu. Wannan aiki kuwa ba ya son haka. A ƙasar Sakkwato ruwa yana sauka ne daga wajen Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Saboda haka ka yi binciken ido a Agusta, lokacin da ciwon ya fito fili, ka zana iyakar laimar da gawayi ko fensir. Ka yi kankara bayan kaka, a Nuwamba ko Disamba. Ka bar iskar hunturu ta yi maka aikin busarwa kyauta. Maginan Ingila suna lissafin wata guda ga kowane inci ɗaya na kaurin bango kafin ya bushe. Busasshiyar iskarmu ta fi tasu sauri nesa ba kusa ba, amma duk da haka bulo mai inci 9 da ya shekara yana shan ruwa ba ya bushewa cikin sati.

Matsalar da ba a faɗa ita ce gida mai banɗaki ɗaya. Ba za ka ce wa iyali su daina wanka wata biyu ba. Mu zana muka kafa a kusurwar tsakar gida, nesa da gini, aka zuba tsakuwa, kowa ya koma wankan da kakanninmu suka yi. An yi gunaguni kwana uku, aka saba.

Wane irin fenti ne a jikin bangon?

Yadda za ka cire shi ya danganta da irinsa. Ka shafa tafin hannu: idan ya yi fari kamar ka taɓa alli, farar ƙasa ce ko fentin ruwa mai araha da ya mutu. Ka jiƙa tsumma da sifirit, irin wanda ake sayarwa a kemis, ka goga a wuri ɗaya: fentin ruwa zai yi laushi ya bi tsumman, fentin mai ba zai motsa ba. A tsofaffin gidaje za ka iya samun hawa uku ko huɗu, kowace Sallah da launinta.

Ba dole ne a kankare bango duka ba. Inda fentin ya kama da kyau, wurin kuma a bushe yake, a bar shi. Don ka tabbatar, ka tsaga shi da reza, tsaga biyu masu gicciye, ka manna salatif a kai ka danna, ka fizge. Idan salatif ya fito da fenti, wurin ma na cirewa ne, ko da ido yana ganinsa lafiya. Daga nan ka ɗauki makulli ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa. Filasta mai lafiya tana amsawa da ƙarfi. Wadda ta rabu da bulo tana ƙara kamar ka buga ƙwarya a kife. Ka zagaye duk inda ka ji haka da gawayi.

Maganar dalma

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan ya fi fentin muhimmanci. Fentin mai da yawa, musamman tsofaffi da masu launin rawaya, ja da kore, ana sa musu dalma don launi ya fito kuma su bushe da wuri. Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978, amma gwaje-gwajen da aka yi a kasuwannin Najeriya shekaru da yawa bayan haka sun ci gaba da samunta a cikin fenti. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan dalma. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Dalmar fenti ma hanyar shigarta ɗaya ce da wannan: ƙura ta sauka a daɓe, yaro ya yi rarrafe, ya sa hannu a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira marar illa. Ba ta sa zazzaɓi a ranar, ƙwaƙwalwa take taɓawa a hankali.

Tunda ba ka da hanyar gwadawa a gida, ka ɗauki kowane tsohon fentin mai a matsayin mai dalma. Kada a sa masa giranda, kada a goge shi da samfefa a bushe, kada a ƙona shi da wuta. A jiƙa, a kankare. Yara da mai juna biyu su yi nesa da wurin har a gama shara. Mai aikin ya sa takunkumi na gaske, wanda ke kama fuska, domin rawani ko ƙyallen da aka ɗaure a hanci ba ya tare wannan ƙura. Ya wanke hannu kafin ya ci goro ko abinci, ya cire kayan aikin kafin ya ɗauki ɗansa. Ɓawon da aka kankaro a tattara shi a leda a ɗaure. Kada a watsa shi a bola inda kaji da awaki ke kiwo, kada kuma ya bi taki zuwa gona.

Kankarar kanta

Kayan aikin ba su da yawa, kuma duk ana samunsu wurin masu kayan gini a Sakkwato: sikirafa mai faɗi da ƙarama, burushin ƙarfe, samfefa mai kaushi lamba 60 ko 80 da mai laushi lamba 120, guduma da kurfi, bokiti, soso, safar hannu ta roba da tabarau. Ka shimfiɗa leda ko buhunan siminti a ƙasa, ka toshe bakin rariya da masai da tsumma don kada ɓarɓashi ya cika su. Idan akwai soket ko makunnin wuta a bangon, a kashe wutar ɗakin daga tushe.

Idan akwai fumfuna, da ita za a fara, don kada kankara ta watsa ta cikin iska. A zuba Hypo ko Jik kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, a shafa, a bar shi kamar minti 15, a goge. Ƙofa da taga a buɗe. Kada a kuskura a haɗa shi da ruwan wankin masai mai asid, wai don ya ƙara ƙarfi. Haɗin yana tayar da iskar gas mai ƙona huhu, kuma banɗaki ɗaki ne ƙarami.

Fentin ruwa ba ya gardama. Ka jiƙa shi da ruwan ɗumi da soso, gwargwadon faɗin tabarma rabi, ka jira minti goma, ka sa sikirafa. Ka kwantar da bakinta sosai, kamar mai fere rogo, kada ka tsayar da ita kamar mai sassabe, in ba haka ba za ka cika filasta da rauni. Ka fara daga inda ya kumbura ka tura zuwa inda ya kama. Kada ka tsaya a iyakar tabon da ido ke gani, ka wuce shi da kamar kamu ɗaya da rabi ta kowane gefe, domin laima tana gaba da alamarta.

Fentin mai shi ne mai taurin kai. Inda ruwa ya riga ya ɗaga shi, zai fito falle-falle, har da daɗi. Inda ya kama rabi da rabi, sai haƙuri: a jiƙa, a kakkarce fuskarsa da burushin ƙarfe, a bi da sikirafa da jiƙaƙƙiyar samfefa. Akwai maganin cire fenti na gwangwani da ake shafawa ya narkar da shi. Yana aiki, amma wasu irinsa tururinsu yana sumar da mutum a rufaffen ɗaki, har Amurka ta hana sayar wa jama'a mai sinadarin methylene chloride a 2019 bayan ya kashe mutane, wasunsu a cikin banɗaki. Wasu masu fenti suna jiƙa sodar sabulu su shafa. Ita ma tana ci, amma tana cin fata da ido, kuma tana ƙara wa bango irin kaifin nan da muka ce yana mayar da fenti sabulu, sai an yi ta ɗauraya. A bangon da muke roƙon Allah ya bushe, ban ga hikimar ƙara masa bokiti goma na ruwa ba. Fetur kuwa kada ma a kawo shi kusa. Ba ya cire busasshen fenti, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Inda tsohon fentin da aka bari ya haɗu da wurin da aka kankare, akwai ɗan tudu. A goge bakin da jiƙaƙƙiyar samfefa mai laushi har yatsa ya wuce bai ji gaɓa ba. Fentin mai da aka bari a wanke shi da omo don cire maiƙon sabulu, a kashe sheƙinsa da jiƙaƙƙiyar samfefa, domin sabon fenti ba ya kama wuri mai santsi.

Gishiri kuma, a bushe

Ga inda mutane da yawa suke kuskure, ni ma na yi. Ka ga farin gari a bango, hankalinka zai ce ka wanke. Idan ka wanke, gishirin ya narke ya koma cikin filasta, bayan kwana huɗu ya dawo. A bushe ake karkaɗe shi da burushi mai tauri, a share, a fitar. Bayan sati a dawo a duba. Zai sake fitowa, amma bai kai na farko ba. A sake karkaɗewa. Ranar da ka yi sati biyu ba ka ga sabo ba, bangon ya gama amayar da abin da ke cikinsa. A namu banɗakin sai da muka yi haka sau biyar.

Filastar da ta mutu

Wuraren da ka zagaye da gawayi, da duk inda filasta ke zama gari, ba su da magani sai sara. A sare har a ga bulo, a wuce iyakar lalacewar kaɗan, a bar bulon a buɗe ya sha iska makonni. Masu gyara suna son su cike ramin da foti ko fi'ofi saboda yana bushewa da wuri kuma yana yin sumul. A falo babu laifi. A banɗaki kuwa fi'ofi yana shan ruwa ya yi laushi, ya zubo da fentin da ke kansa.

Sabuwar filasta a yi ta da siminti kwano ɗaya, yashi kwano uku zuwa huɗu, a sa maganin hana ruwa gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ledarsa. Yashin ya zama mai tsabta. Ka zuba shi rabin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. Idan laka mai kauri ta kwanta a samansa, a wanke shi ko a canja. Da yake a hunturu ake aikin, filastar za ta so bushewa kafin ta yi ƙarfi, sai a riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Daga nan a ƙyale ta ta cika kwana 28 kafin fenti ya taɓa ta, domin sabon siminti kaifinsa a kan ganiya yake.

Idan ginin na ƙasa ne aka yi masa rigar siminti, kamar yadda gidaje da yawa suke a Lahodu da ƙauyukan kewaye, labarin ya ɗan bambanta. Ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, siminti ba ya bin ta, sai su rabu. Ruwa ya shiga tsakani ya rasa mafita, ginin ya riƙa narkewa a ɓoye alhali fuskarsa tana sheƙi. Magabata da suke shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, sun san abin da suke yi: tana korar ruwan sama, tana kuma barin bango ya yi numfashi. A irin wannan gini kada ka sa guduma da ƙarfi. Ka ɓare wuri kaɗan ka leƙa. Idan ƙasar da ke ciki ta jiƙe ta yi laushi, aikin ya wuce na mai fenti, magini za a kira ya duba gindin ginin.

Yaya za ka san ya bushe?

Mai fenti zai shafa hannu ya ce ya bushe, domin yana son ya gama ya karɓi kuɗinsa, kuma gaskiya ne fuskar ta bushe. Kai dai ka koma ga ledarka. Ka manna ta a wuri mafi muni, can ƙasa kusa da daɓe, ka bar ta kwana biyu. Idan ka ɗaga ka ga launin wurin bai bambanta da na kewayensa ba, babu raɓa, babu warin laima, to an iso. Idan ya yi duhu, a ƙara sati biyu. Idan wata biyu sun wuce cikin rani bai canja ba, akwai hanyar ruwan da ba ka gano ba, sai a koma bayan gini da bututu.

Namu mun kankare shi a farkon Disamba, muka yi filasta a Janairu, leda ta fito a bushe a ƙarshen Fabrairu. Bangon ya yi wata uku tsirara, toka-toka, duk baƙon da ya shiga sai ya tambaya ko kuɗi ne suka ƙare.

Yanzu bangonka yana nan a kankare, a bushe, babu gari, babu gishiri. Kada ka saya masa fenti tukuna. A babi na gaba za mu duba shafin farko da ake yi wa sabuwar filasta don ya tare kaifin siminti, da dalilin da ya sa fentin ruwa mai kyau yakan fi fentin mai daɗewa a bangon da ya taɓa yin danshi, da kuma inda ya kamata a haƙura da fenti gaba ɗaya a sa tayil daga daɓe zuwa kafaɗa. Kafin nan, ka bar tagar banɗakin a buɗe.